A'i Mai Masa da Kuɗin Jabu

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Ran da safe ya san Goggo A'i. Tana zama a bakin wani tsohon zaure da aka yi wa shafen siminti, tanda biyu a gabanta, hayaƙi na bi ta gefen fuskarta. Masarta tana da daɗi, ba a taɓa musun wannan ba. Amma ba da masar aka fi saninta ba. In ka miƙa mata babbar takardar kuɗi, sai ta ajiye cokalin juyi, ta goge hannu da tsumman da ke kan cinyarta, ta murza takardar tsakanin yatsu, sannan ta ɗaga ta sama tana ƙanƙance ido. Ko limamin unguwa ne haka za ta yi masa. Mu 'yan unguwa mun saba, baƙo ne ke jin haushi.

Ba da sana'ar masa ta tashi ba. Iyayenta Fulani ne da suka shigo gari bayan ciwo ya cinye musu shanu, a nan cikin ganuwa ta girma. Ta auri Mansir, wani ɗan acaba mai yawan raha, suka haifi 'ya ɗaya, Fatu. Babur ɗin nasa ne na kansa, kuma yana samun na cefane. Sai dai bayansa ya soma ciwo, shi ya sa ya yi shawarar sayar da babur ɗin ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida.

Lokacin takardar naira ɗari biyar ba ta daɗe da fitowa ba, talaka bai gama sabawa da ita ba. Wani baƙo mai fararen kaya ya taya babur ɗin, bai wani ja ciniki ba, ya biya da sababbin 'yan ɗari biyar-biyar ana shirin sallar magariba. Mansir ya shigo gida yana murna, ya baza su a kan tabarma. A'i ta ce har sunsunar su ta yi, don ba ta taɓa ganin sababbin kuɗi masu yawa haka ba.

Washegari ya tafi kasuwa sarin sukari da sabulu da madara. An gama ɗaure masa kaya, ya miƙa kuɗi. Mai shagon ya shafa guda, ya shafa ta biyu, ya ɗaga kai ya dube shi. Bai tambaye shi komai ba, sai kawai ya ɗaga murya: "Jabu! Ga mai kuɗin jabu!"

Kafin Mansir ya buɗe baki an rufe shi da duka. Waɗanda ba su ma san abin da ya faru ba suka baro rumfunansu suka zo suka sa hannu. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Ya yi watanni a tsare yana jiran shari'a, sai da dattawan unguwa suka yi ta sintiri suna shaidar halinsa kafin aka sake shi. Ya dawo ba babur, ba jari, kunnen hagu ya mutu. Mutumin da ke cika majalisa da dariya ya koma daga ɗaki sai masallaci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sunan da ya manne masa, don ko bayan kotu ta wanke shi, in aka ce Mansir sai wani ya ce, "Wane? Na jabu?"

Dole A'i ta fita nema. Wanta Hamma ya kawo mata rabin buhun shinkafa, wata maƙwabciya ta ara mata tanda ta nuna mata yadda ake haɗa ƙullu. Ta fara da ƙona masa da ƙona yatsu. A hankali hannunta ya faɗa, masu saye suka yawaita. Abu ɗaya ne ba ta yi: ba ta karɓar ɗari biyar. In ka miƙo, sai ta janye hannu ta ce ka je ka yi canji.

A cikin masu sayenta akwai Liatu, wata ma'aikaciyar banki da ke zaune a unguwar Ɗan Iya, wadda kan tsaya ta saya wa abokan aikinta. Wata safiya ba ta da ƙananan kuɗi, ta miƙa ɗari biyar.

A'i ta ce, "Ki tafi da masar, gobe kya kawo. Ba na taɓa wannan."

"Me ya sa, Maman Fatu? Kuɗi ne fa."

"Haka maigidana ma ya zata."

Liatu ta tsaya ta ji labarin har ta makara. Ranar Asabar, da ba aiki, sai ga ta ta dawo da zani da silifas, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da murhu.

Ta ce, "Fara wanke hannu da sabulu. Hannu mai maiƙo ba ya jin komai."

Ta ɗora mata takarda a tafin hannu, ta ce ta rufe ido. "Bi da yatsa kan rigar mutumin nan na jikin takardar, da kan manyan rubutun. Me kika ji?"

"Kaushi-kaushi. Kamar an yi zane da allura."

"To, ta gaske kenan. Tawadar tudu take yi. Ta jabu sumul take, kamar takardar littafin makaranta."

Ta nuna mata yadda ake kaɗa takarda a ji ƙararta, don ta gaske tana da wani amo mai ƙarfi ko ta tsufa. Ta sa ta ɗaga ta saitin rana, sai ga wani hoto ya bayyana a farin gefen da a da ba a ganin komai. A'i ta yi salati, ta kusa sakin takardar. Liatu ta yi dariya, ta nuna mata zaren da ke ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa: a ido yana fitowa guntu-guntu, amma in haske ya bi ta baya sai ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe, don a cikin jikin takardar yake, ba zana shi aka yi ba. Ta ce in an ba ta sababbi da yawa ta duba lambobinsu, in biyu suka zo iri ɗaya akwai matsala. A'i ta ce ita ba ta yi boko ba. Liatu ta ce ba sai ta karanta ba, ta dubi kamanninsu kawai. Daga ƙarshe ta ce in ta yi shakka ta jiƙa yatsa ta goga, launin ta jabu zuba yake yi.

"Amma kada ki dogara da alama ɗaya, Maman Fatu. Masu yin abin nan su ma ba barci suke ba."

Tun daga ranar A'i ta soma karɓar manyan kuɗi, kuma tun daga ranar ba wata takarda da ta shiga lalitarta ba ta bi ta yatsunta da idonta ba. Da 'yar dubu ta fito, mai ɗan tambarin nan ruwan zinariya, Liatu ta kawo mata ta gani tun kafin ta yawaita a hannun mutane. Da aka mai da ƙananan kuɗi na leda, ta koyi nesanta su da murhu, don zafi na taɓa su suke ƙanƙancewa.

Labari ya bazu. Mai kayan miya, mai itace, matan da ke kawo nono daga rugage, duk wanda aka ba babbar takarda bai yarda da ita ba, sai ya biyo ta wurin A'i. Har aka riƙa ce mata Bankin Ƙofar Ran. Ba ta karɓar ko sisi a kan dubawar. Sau da yawa tana can tana ɗaga takardar wani, masarta na ƙonewa a tanda.

Mutane na ganin abin alfahari ne. Ita kuwa ta sha faɗa mana cewa wahala ce kawai. Duba kuɗin mutum a gabansa, ko ka ƙi ko ka so, kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Malam Ja'afaru, aminin Mansir tun ƙuruciya, wanda ya fi kowa zirga-zirga lokacin shari'a, ya miƙa mata ɗari biyar wata rana, hannunta ya ɗaga ta sama kafin ta tuna ko wane ne.

Ya ce, "Har ni, A'i?"

Ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Bai ƙara sayen masarta ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne faɗa wa mutum cewa kuɗinsa ba kuɗi ba ne. Ba masu hali ake kai wa jabu ba. Tsohuwa mai daddawa ake kai wa, ko mai nonon da ta yi tafiyar safiya a ƙasa, a saye kayanta duka, a karɓi canji, a bar ta da takardar banza. A'i ce za ta dubi idonta ta gaya mata. Wasu su yi kuka, wasu su zage ta kamar ita ta buga takardar. Takan roƙe su su bari a jefa a wuta. Kaɗan ne ke yarda. Yawanci sai su karɓe abinsu su ƙulle a bakin zani, ita kuma ta san inda za ta: wurin wani mai raunin ido, ko mai ciniki da almuru.

Mansir kan zauna a cikin zaure yana jin komai da kunnensa mai kyau. Wata rana da ta shigo da tanda, idanunta jawur, ya ce, "Ki rage abin nan, A'i. Ki duba naki, ki bar na mutane."

Ta ce, "In na bari, wa zai duba musu?"

"Kafin ke wa ke dubawa?"

Ba ta bari ba. Hawan jini ya kwantar da shi shekaru kaɗan bayan haka, ya rasu da damina. Ta yi takaba, ta fito, ta koma bakin tanda. Liatu ta yi ritaya ta koma garinsu, Bogoro, sai gaisuwa ta waya lokaci-lokaci. Fatu ta yi aure a nan cikin unguwa, ta riƙa zuwa da safe tana kama mata aiki. 'Yan unguwa suka daina cewa A'i, suka koma Goggo.

Sana'ar da ta ciyar da ita ita ce ta cinye mata kayan aikin dubawar. Fatar yatsunta ta yi kanta saboda zafin tanda, har sai ta danna sosai kafin ta ji kaushin tawada. Hayaƙi ya dafa idanun, yanar ido ta soma rufe na dama. Takardar da a da kallo ɗaya ya ishe ta, yanzu sai ta juya ta sau da yawa. Gwiwoyi kuma suka ce ba su san zancen ba, in ta zauna tun asuba ba ta tashi sai an kama ta. Duk da haka mutane ba su daina kawowa ba, ita ma ba ta iya cewa a'a ba.

Sai ga canjin kuɗin da aka yi a ƙarshen shekarar 2022. Aka sauya launin manyan takardu: 'yar dubu ta koma shuɗiya, ɗari biyar koriya, ɗari biyu ja-ja. Aka ce a mai da tsofaffi banki, sababbin kuma suka yi wuyar gani. Mutane na wuni a layin banki su dawo hannu wofi. Mai kuɗi a asusu ya rasa na sayen koko. Kowa a gari ransa a ɓace yake, abu kaɗan sai faɗa.

Sababbin da suka fara zuwa hannun Goggo sun rikita ta. Ta goga wata a farin ƙyalle, sai ga ɗan launi ya fito, alhali daga banki mai ita ya karɓo ta. Ta kira Liatu a waya, Liatu ta ce ita ma a talabijin ta fara ganinsu, amma ta bi zaren da hoton ɓoye da kaushin, waɗannan ba su canja ba. Goggo ta ajiye wayar ta ce wa Fatu, "A ce da tsufana sai na koma farko."

Ana cikin wannan hali, wata safiya layi ya yi tsawo a gaban tanda, don masa na cikin abin da ɗan canjin hannu ke iya saya. Wani mutum da ba ta sani ba ya matso, magidanci mai furfura jefi-jefi, ƙafafunsa duk busasshen siminti. Ya ce a zuba masa masa da miya, ya miƙo sabuwar 'yar dubu shuɗiya. Har mutane suka riƙa leƙe, don ba kowa ya taɓa riƙe ta ba.

Goggo ta goge hannu ta shafa. Sumul. Ta ɗaga sama, ta rufe idon dama ta duba da na hagu. Farin gefen fayau yake ba hoto, zaren kuma zane ne kawai aka yi a sama. A gajiye take, tun asuba take dubawa, sai maganar ta fito mata da ƙarfi ba tare da ta yi tunani ba.

"Wannan ba ta da kyau."

Wani daga baya ya ce, "Me ta ce?"

"Jabu ce! Goggo ta ce jabu ce!"

Nan take wani ya cafki wuyan rigar mutumin. Masu keke biyu suka faka suka sauko. Mutumin ya ɗaga hannuwa yana cewa, "Wallahi sunana Babayo, lebura ne ni, jiya aka biya ni da ita a wurin gini, ku zo mu je ku tambaya." Ba wanda ya saurare shi. Wani ya ce irinsu ne suka jefa gari a wahala. Aka ɗauke shi da mari, hularsa ta faɗi cikin kwata. Wani matashi ya sunkuya ya zaro itace daga cikin na murhunta.

Fatu ta ce ba ta san yadda uwarta ta miƙe ba, matar da sai an kama ta take tashi. Ta ture robar ƙullu ya malale a ƙasa, ta kutsa tsakiyarsu da takardar a hannu.

"Ku dakata! Ku sake shi! Ban gama dubawa ba!"

Aka ɗan ja baya, don ba a taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Ta sake ɗaga takardar saitin rana. Ta daɗe tana kallo. Ta juya bayan takardar, ta kaɗa ta kusa da kunne.

Ta ce, "Mai kyau ce. Idona ne. Ga hoton can, yanzu na gan shi. Ka yafe ni, bawan Allah, tsufa ne."

Abdulsalam, mai shagon cire kuɗi da ke tsallaken titi, ya miƙo hannu. "Goggo, kawo in gani."

Ta cusa takardar cikin lalita ta ja zare. "Ka ga me? Kuɗina ne, na karɓa. In akwai asara tawa ce."

Aka soma guna-guni. Wanda ya yi marin ya ce ai sai ta riƙa lura, ta kusa sa a kashe mutum a banza. Ta ce gaskiyarsa. Mai itacen ya yar da shi, masu keke suka koma kekunansu. Ta sa Fatu ta ƙulle wa mutumin masa a leda, ta tattara 'yan kuɗin ledar da ta samu tun safe ta ba shi canjinsa cif. Leɓensa na jini. Ya karɓa, ya tsamo hularsa daga kwata, ya tafi bai waiwayo ba.

Da hantsi ya yi, mutane suka watse, Fatu na kankare ƙullun da ya bushe a ƙasa ta ce, "Inna, tsakaninki da Allah, mai kyau ce?"

Goggo ta kwance lalita, ta ciro takardar, ta tura ta ƙarƙashin tanda. Ta kama da wuta nan da nan.

Fatu ta dafe kai. "Ga masa, ga canji, ga ƙullu! A wannan marrar! In kuma shi ne mai buga su fa?"

"Wataƙila shi ne. Wataƙila kuma cutarsa aka yi. Ni ban sani ba, su ma da suka kama shi ba su sani ba." Ta miƙa mata hannu. "Kama ni in shiga ciki, ƙafafuna ba sa ɗaukata."

Ta kwana biyu ba ta fito ba. Da ta fito, magana ta riga ta zaga unguwa cewa idon Goggo ya tafi, ta kusa sa a hallaka bawan Allah a kan kuɗi mai kyau. Masu kawo mata dubawa suka ragu, daga baya suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, suka koma wurin Abdulsalam da ya sayi wata 'yar fitila mai shuɗin haske. Ba ta gyara zancen ba. Mu da muka san gaskiya daga bakin Fatu muka ji, ita ma sai da aka daɗe. Ƙaryar da ta yi ta dame ta, ta ce tana neman gafara a kanta, amma ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. Babayo bai sake biyowa ta hanyar ba, ba kuma wanda ya san gaskiyar lamarinsa har yau.

Bayan sallar layyar da ta biyo baya ta bar wa Fatu tanda. Yanzu akwai kwali a jingine da bango ɗauke da lambar asusu, rabin masu saye ta waya suke biya. Can ma ba a tsira ba, don an sha nuna wa Fatu saƙon shigar kuɗi na ƙarya a tafi da masa. Ta koyi yadda ake ganewa, ta zo da ɗoki za ta nuna wa uwarta a waya.

Goggo ta kawar da kai ta ce, "Ki riƙe abinki. Ni na gaji."

An yi mata aikin idon dama a asibiti, ta samu sauƙi, na hagun kuma likita ya ce sai nan gaba. Aikinta yanzu tsince shinkafa da jiƙa ta, sai riƙon jikoki in uwarsu na bakin wuta. In ka shiga gaishe ta da hantsi, sau da yawa za ka tarar ta jingina da bangon rumfa, farantin shinkafa a cinya, barci ya ɗauke ta. Fatu ta hana a tashe ta.